Zanen Ƙasa da Kwamfuta: Ina Namu Dutsen?

Wataƙila wasu daga cikin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai za su yi mamakin ganin wannan batu a cikin mujallar sashen Hausa, har su ce ina ruwan biri da gada, me ya haɗa mai nazarin karin sauti da ma'aunin waƙa da masu zanen duwatsu a kwamfuta? Ina roƙon mai karatu ya yi mini haƙuri ya biyo ni sannu, domin a nawa ɗan ganin akwai wani aiki a nan wanda ba mai iya kammala shi in ba tare da mu ba, kuma lokacin yinsa yana ƙurewa.

Ina da wani aboki mutumin Ƙanƙara wanda yake karatu a tsangayar kimiyya. Wata rana da daddare na shiga ɗakinsa na tarar ya ƙura wa kwamfutarsa ido, a fuskarta kuwa ga wani hoto mai ban sha'awa: dogayen duwatsu masu tsini, kawunansu fari fat, ga wani tafki shuɗi a gindinsu, ga itatuwa tsaye kamar an kafa masu. Na tambaye shi wace ƙasa ce wannan, sai ya ce mini ba ta cikin duniya, shi ya gina ta da kansa cikin kwana huɗu. Na ce masa, lalle ka cika ɗan Ƙanƙara, tun da ka rasa abin da za ka ɗora wa dutse sai ƙanƙara. Muka yi dariya. Amma da dariya ta ƙare sai na sake tambayarsa, don me bai zana dutsen garinsu ba? Ya yi shiru, sa'an nan ya ce irin wancan shi ne abin da manhajar take bayarwa cikin sauƙi, kuma shi ne abin da abokan wannan sha'awa tasa suka san yadda za su gyara masa.

Kafin in ci gaba, ya kamata in ɗan yi bayanin wannan sha'awa ga wanda bai san ta ba. Akwai mutane da yawa a ƙasashen duniya, malaman makaranta da direbobi da masu ritaya da ɗalibai, waɗanda in sun tashi daga aiki sukan zauna su gina ƙasa a cikin kwamfuta, ba don a biya su ba. Ba alƙalami suke sawa su zana ba. Sukan gaya wa na'ura tsawon tudu da zurfin kwari, da irin ƙasar da ta rufe su, da inda rana take, da kaurin hazo, da yawan ciyawa, sa'an nan su zaɓi wurin da mai kallo zai tsaya. Daga nan sai na'ura ta shiga lissafin yadda haske zai faɗi a kan kowane abu ya dawo ido, ɗigo bayan ɗigo, wani lokaci minti goma, wani lokaci dare guda. Wannan mataki na jira na ga ya dace mu kira shi wankin zane, tun da mutanenmu sun riga sun saba da cewa an kai hoto wanki. In zane ya fito, sai mai shi ya nuna wa 'yan'uwansa. Wani ya ce itatuwanka sun yi wa dutsen girma. Wani ya ce inuwa ta faɗi gabas alhali rana tana gabas. Wani ya ce ruwanka ya cika santsi kamar madubi, ga yadda ni nake yi. Sai ya koma ya gyara, ya sake wankewa, ya sake nunawa. Zane ɗaya yakan sha gyara sau biyar ko sau goma, kuma ba a ɗaukar wannan abin kunya. Duk wanda ya taɓa zama a rumfar maɗinka ko a bakin karofi ya san irin wannan tarbiyya, inda gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Asalin abin daga masana lissafi ya fito. A 1975 wani masani mai suna Benoit Mandelbrot, wanda yake aiki a kamfanin IBM a Amurka, ya raɗa wa wasu siffofi suna firaktal, watau siffofin da ƙaraminsu ya yi kama da babbansu, kamar yadda reshe yake kama da itace, tsakuwa kuma take kama da dutsen da ta ɓalle daga jikinsa. A 1980 wani ma'aikacin kamfanin jiragen sama na Boeing, Loren Carpenter, ya yi amfani da wannan tunani ya shirya wani ɗan fim na minti biyu mai suna Vol Libre, inda ake ganin kamar ana shawagi bisa duwatsun da ba su taɓa wanzuwa ba. Dabararsa mai sauƙin fahimta ce: a ɗauki siffa mai kusurwa uku a raba ta ƙanana, a ɗaga tsakiyar kowane gefe ko a sauke shi kaɗan bisa ƙuri'a, a sake rabawa, a yi ta maimaitawa har shimfiɗa ta koma tsauni. Bayan haka abin ya fita daga hannun manyan kamfanoni ya shiga gidajen mutane. A 1994 aka fitar da manhajar Bryce, a ƙarshen shekarun 1990 wani Bature ɗan Ingila, Matt Fairclough, ya fitar da Terragen, wadda ya bari masu sha'awa su yi amfani da ita kyauta. Labarin da ya fi burge ni shi ne na Blender, wadda Ton Roosendaal ɗan ƙasar Holan ya ƙirƙira. Da kamfaninsa ya karye a 2002, masu amfani da ita suka yi karo-karo suka tara Yuro 100,000 cikin mako bakwai, suka fanshe ta daga hannun masu jari, aka sake ta ga kowa. Gayya ke nan irin ta Turawa, kuma da amfanin wannan gayya abokina yake aiki a yau ba tare da ya biya ko kwabo ba.

To, amma fa a lura da abu guda. Ita Bryce an sa mata sunan wani kwazazzabo ne da ke jihar Yuta ta Amurka. Watau tun daga suna, kayan aikin nan suna ɗauke da ƙasar masu su. Ban ga laifinsu ba, kowa gidansu ya sani. Laifin namu ne idan muka karɓi kayan aiki muka haɗa har da idon mai shi.

Ni mutumin ƙasar Faskari ne, daga wani ƙauye da ke gindin dutse, ko da yake shekaru ke nan iyalinmu suna zaune a Funtuwa saboda dalilin da kowa ya sani. Na roƙi abokina mu gwada gina dutsen ƙauyenmu, ya yarda. Ashe ma akwai abin farawa. A watan Fabrairu na 2000 kumbon Amurka mai suna Endeavour ya yi kwana 11 yana kewaya duniya yana auna tudu da kwarin mafi yawan doron ƙasa da na'urar rada, kuma a 2014 aka saki ma'aunin Afirka mai tazarar mita 30 kyauta ga duk mai so. Muka sauko da na yankinmu, na nuna masa wurin, sai ga ƙashin bayan dutsenmu ya bayyana, har na ji tsikar jikina ta tashi. Sai dai tazarar mita 30 ba ƙarama ba ce. Duk abin da bai kai haka faɗi ba, korama ce ko ƙaton dutsen da muke hawa muna yara, ma'aunin ya haɗiye shi. Abin da kumbo ya ba mu gangar jiki ce kawai, sauran kuwa sai abin da ido ya riƙe.

Mun yi mako uku muna fama, wuta tana ɗaukewa a tsakiyar wanki muna sakewa daga farko. Da muka gama na ji daɗi ƙwarai, na sa zanen a waya na kai wa kawuna, wanda ya yi noma a gindin dutsen nan fiye da shekara arba'in. Ya karɓa ya nisanta da idonsa, ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ce, "Kai ɗan nan, wanga dutse ya yi kama da namu, amma wanda ya yi shi bai taɓa kwana garinmu ba." Na ce, "Kawu, me ka gani?" Sai ya shiga lissafo mini.

Na farko, mun sa hazon hunturu a sama, ga kuma kuka lulluɓe da ɗanyen ganye, alhali kowa ya san kuka takan kaɗe ganyenta da rani. Gawo kuwa mun bar shi tsirara, shi da yake saɓa wa sauran itatuwa, ya zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. Na biyu, nesa ta yi shuɗi. Manhajar an gina ta ne bisa iskar ƙasashen da nesa take yin shuɗi-shuɗi, mu kuwa da hunturu ƙurar da iska take kwasowa daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, takan mai da nesa fari-fari ko ruwan toka, rana kanta ta koma kamar faifai har a iya kallonta. Na uku, jikin dutsen ya cika kaushi da tsini. Lissafin ƙuri'ar nan da na ambata yana haifar da irin duwatsun da ƙanƙara ta sassaƙe a ƙasashen sanyi. Namu kuwa, kamar yadda duk wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Gusau ta Sheme da 'Yankara har Kwatarkwashi ya gani, tsofaffin duwatsu ne masu sulɓi, sun tashi farat ɗaya daga shimfiɗa kamar an kife akushi, zafi da ruwa suna ɓare su ɓawo-ɓawo kamar albasa, ga baƙaƙen zane-zane a jikinsu inda ruwan sama yake gangarowa, ga tarin manyan ƙwallaye a gindi.

Gyara na huɗu shi ne ya hana ni barci. Kawu ya ce, "Wa ya watsa itatuwan nan haka kamar an zubar da gero? Ina ɗorawar gonar Malam? Ina burtali?" Na'ura ta warwatsa itatuwa bisa ƙuri'a, domin haka ake yi wa dajin da ba kowa. Amma ƙasarmu ba haka take ba. Kowace ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da ke tsaye a tsakiyar gona, wani ne ya ga dama ya bar ta sa'ad da yake sassabe, saboda kalwa ko man kaɗe ko inuwa, kuma tana da mai ita, wani lokaci ma mai itacen daban mai gonar daban. Burtali ya bi inda ya bi ne saboda wata yarjejeniya tsakanin manoma da makiyaya wadda ta girmi duk wanda ke raye. Hanyar rijiya ƙafar mata ce ta fitar da ita. Ƙasar Hausa hannu ne ya yi ta, kuma babu lissafin da zai fitar da abin da hannu ya yi sai an tambayi masu hannun.

A nan ne nake ganin aikin ya zo ƙofar sashenmu. Abokan abokina na ƙasashen waje mutanen kirki ne, sun taimake shi a kan haske da inuwa da yadda zai rage lokacin wanki, amma ba ɗayansu da zai ce masa gawonka ya yi kuskuren wata. Wanda zai faɗi haka yana zaune a Funtuwa ko Malumfashi ko Katsina, ba ya jin Turanci, kuma iliminsa yana cikin kalmomi ne. Bahaushe bai ce "ƙasa" ya yi shiru ba. Ya bambanta jigawa da fadama, da fako inda ko ciyawa ba ta fita, da laka, da marmara. Ya bambanta tudu da tsauni, da fa wanda ake shanya a kansa, da gangare da hayi da kwari da kwazazzabo. Ruwa ma haka: gulbi daban, rafi daban, korama daban, tafki daban, kududdufi kuma hannun magina ne ya haƙa shi. Akwai saura, gonar da aka bari ta huta, akwai kufai, garin da aka tashi aka bari. Kowace kalma a cikin waɗannan umurni ce ga mai zane: tana gaya masa launin wurin, da abin da ke tsirowa a kai, da yadda ruwa yake bi. Wanda aka ce wa "akwai fako yamma da rijiya" ya sami abin da kumbo bai ba shi ba, in dai ya san fako. Na tambayi wasu 'yan ajinmu da suka tashi a birni bambancin fako da jigawa, sai aka shiga kallon-kallo, kuma ban isa in yi musu dariya ba, don ni ma sai da kawu ya tuna mini da wasu.

Turawan da suka riga mu wannan aiki sun yi nasu ƙoƙari. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, Bargery kuma ya fitar da babban ƙamusunsa a 1934, wanda har yau muke tinƙaho da shi. Amma ƙamus yana ba da kalma ne da fassararta, ba ya nuna wa yaro abin da ake nufi. Kalmar da ido bai ga abinta ba kuwa ba ta daɗewa a baki.

Da a ce zaman lafiya ake yi, da sai in ce a ɗauki kyamara a tafi, gani ya kori ji. To, mai karatu ya san halin da wannan yanki ya shiga. Ranar 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A ƙarshen wannan shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta sa dajin Kogo cikin wurare goma da ta amince a mai da su gandun daji na ƙasa, a lokacin da ɗan ƙasar ma ba ya iya shigarsa neman itacen wuta. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, na tsawon watanni. Ƙauyuka da dama sun watse. Akwai yaran da aka haifa a gudun hijira waɗanda suka isa shiga makaranta ba su taɓa ganin garin ubansu ba. Kuma ko da ƙura ta lafa sarai aka koma, ba za a tarar da wurin yadda aka bar shi ba: ginin ƙasa ba ya jure damina uku babu yaɓe, gona takan koma sarƙaƙiya, zaizaya takan ci hanya, itacen da ba mai tsaronsa kuwa gatarin masu gawayi yana jiransa. Siffar waɗannan wurare kamar yadda suke a da tana cikin kawunan tsofaffi ne kaɗai, tsofaffi kuma ba sa jiran kowa.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma wasu hujjojinsu suna da nauyi. Masu cewa zane haramun ne, amsarsu a kusa take, domin Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma zanen itatuwa da abin da ba shi da rai. Dutse da gulbi da kuka ba su shiga cikin abin da mafi yawan malamai suka hana ba. Masu cewa irin wannan zane zai taimaki ɓarayin daji kuwa, ina ganin sun manta cewa mutanen nan sun fi kowace na'ura sanin dajin. Wasu kuma sukan ce wahalar me za a sha, ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira da za ka rubuta musu jimla guda su ba ka hoto kafin ƙiftawar ido? Na gwada. Na rubuta cewa ina son ƙauyen Hausa a gindin dutse, aka ba ni bukkoki da itatuwa masu shimfiɗaɗɗen kai irin na gabashin Afirka, har da raƙumin dawa yana leƙe. Ko da an dace hoton ya yi kyau, ai ƙage ne daga hotunan wasu wurare, ba ma'aunin dutsenmu a ciki. A ƙasar da aka gina kuwa kowane itace yana da mazauninsa, ana iya ɗaga shi a matsar da shi taku goma, a juya rana, a sauya wata, sauran abubuwa suna nan yadda suke. Abin da yake karɓar gyara shi ne yake iya kusantar gaskiya.

Hujjar da ta fi damuna ita ce ta masu tsoron a ɗauki zane a matsayin hoto. Wannan tsoro gaskiya ne. Zanen da aka wanke da kyau yakan ruɗi ido, kuma a ƙasar da rikicin iyakar gona da na burtali yake kai mutane gaban alƙali, ba abin wasa ba ne a sami wani "hoto" yana yawo wanda ya sa itace a inda ba nan yake ba. Ga kuma halin ɗan Adam: mai kewar gida yakan ƙara wa gida kyau, ya manta da kwatami da ƙaya. Maganin wannan shi ne abin da malamanmu suke koya mana a darasin adabin baka, watau kada a karɓi ruwaya ba tare da an rubuta daga bakin wa aka ji, da yaushe, da kuma a ina ba. Kowane zane a rubuta a jikinsa cewa zane ne, a faɗi shekarar da yake kwaikwayo da watan, a faɗi mutum nawa aka tambaya da inda suka saɓa. In tsofaffi biyu sun yi gardama a kan wurin wata rijiya, a wanke zane biyu.

Saboda haka ina kira ga sashenmu, cikin ladabi, da ya duba yiwuwar ba wasu ɗaliban ajin ƙarshe irin wannan aiki a matsayin kundin digiri. Ɗalibin Hausa ya zauna da tsofaffin ƙauye guda, daga ƙasar Sabuwa ko Daudawa ko Ƙanƙara, ya tattara sunayen wurare da na ƙasa da na itatuwa da labarin kowannensu. Ɗalibin kimiyya ya gina. A mayar wa tsofaffin su gyara. Ba a bukatar kuɗi mai yawa, kwamfuta guda mai ɗan ƙarfi da wutar da ba ta yankewa sun isa a fara. Su kuma samarinmu masu wannan sha'awa, waɗanda na tabbata abokina ba shi kaɗai ba ne, ya kamata su san juna su riƙa nuna wa juna aiki da Hausa, su tara nasu rumbun: wanda ya ƙera ɗorawa mai kyau da tutunta ja ya ba sauran, wanda ya gano ma'aunin hazon Janairu ya faɗa, kada kowa ya sake farawa daga tushe. Giginya da rimi da rumbu da dangar kara ba wanda zai zo daga Holan ya ƙera mana su.

Mu dai muna kan wanki na huɗu. Kuka ta kaɗe, gawo ya yi ganye, nesa ta yi fari, inuwa ta karkata arewa kamar yadda take yi a watannin sanyi, burtali ya ratsa ta gabas da gari. Da na kai wa kawu wannan karon bai ce komai ba na tsawon lokaci, har na zaci ya gaji da ni. Can sai ya kira ƙaramin jikansa, wanda aka haifa a Funtuwa, ya ɗora yatsa a kan gilashin wayar ya ce masa nan ne gonarmu, nan kuma aka binne kakanka na biyu. Sa'an nan ya juyo gare ni ya ce, "Ka gaya wa abokin naka tsamiyar nan ta yi kusa da rijiya. Ya matsar da ita kudu kaɗan."